Ƙafar Da Ta Taka Geron Shitu

An tsinci gawar Shitu ranar Talata gab da magariba, a gindin tsamiyar da ke ƙarshen gonar makarantar Midil ta Rafin Marke, tsakanin Kiru da Tudun Wada. Yaran da aka aika ɗebo ruwa ne suka gan shi kife, ƙeyarsa a fashe, ga sandar kiwo yashe a gefensa. Kafin a yi kiran salla kowa ya san mai sandar. Ta Jibrin ce, ɗan Fulanin da ke aji ɗaya da mamacin, wanda kowa ya shaida ba sa ga maciji da juna.

Damina ce ta alif ɗari tara da hamsin da huɗu, gero bai fi taƙi ɗaya ba. Ni Maikano, bin sawu ne sana'ata, a dutsen Doguwa na gaje ta wajen ubana maharbi. Kada wanda ya ce mini boka, na tsani kalmar nan. Ƙasa nake dubawa, ba na duba komai sai ita. Na sauka Tudun Wada neman wani bijimi da aka sace, sai ga mace da sassafe ta durƙusa a ƙofar masaukina, ƙafafunta duk taɓo.

"Baffa, an kama yaron nan," in ji ta.

"Wane yaro?"

Ta sunkuyar da kai. Sai na gane ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba ko da wuƙa a wuya. Saude ke nan, matar marigayi Ardo, wanda na taɓa dawo masa da shanu bakwai.

"Na makaranta. Sun ce ya yi kisa. Motar Kano za ta zo bayan la'asar ta tafi da shi, kuma an ce mini wanda aka kai kan kisa ba ya dawowa. Shi kaɗai gare ni, Baffa."

"Sandar tasa ce?"

"Ta ubansa ce."

Na bar zancen bijimi, na ɗauki gorata muka kama hanya.

*

A hanya ta ba ni labarin makarantar. Tun bara yaran gari da yaran ruga suke dambacewa. Yau a fasa wa wannan baki, gobe a karya wa wancan yatsa. Da abin ya ishi iyaye, sai suka yi gayya suka je gaban hakimi suka roƙi a ajiye 'yan doka a cikin makarantar, su kwana nan su tashi nan. Wanda ya ja gayyar shi ne Malam Mudi, manomi daga wajen Ƙafin Maiyaki, uban Shitu. Aka turo mutum biyu, Kofur Zailani da wani sabon shiga mai suna Habu. Faɗa kuwa ya tsaya cak, har iyaye suna sa albarka.

Mun iso da hantsi, an riga an kai Shitu makwancinsa. Maza sun cika harabar makarantar, wasu da fartanya a kafaɗa, ba kuma noma ya kawo su ba. Da suka ga Bafulatana sai gunaguni ya tashi. Wani ya tofar da yawu a gabanta. Ta wuce kamar ba ta gani ba, ta zauna can gindin katanga.

Wakilin hakimi yana kan kujera a barandar hedimasta. Ya san ni, na faɗi na yi gaisuwa.

"Maikano, me ya kawo ka? Ai magana ta ƙare. Yaro ya amsa da bakinsa."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in gaisa da ƙasa kawai. In ta ce shi ne, ni zan fara faɗa wa uwarsa."

Ya dubi rana. "Mota na tsayawa, ka gama. Ko minti ba zan ƙara maka ba."

*

Wurin gawar kam, assha! An tattake shi kamar masussuka, babu abin da zan tsinta. Sai na ja baya na fara zagaye, ina faɗaɗa da'ira kamar yadda ubana ya koya mini. An yi ruwa jiya da azahar, ba a ƙara ba, saboda haka duk wanda ya taka ƙasa bayan nan ya bar mini saƙo.

Gonar tana tsakanin makaranta da tsamiya. Kowane ɗalibi da kunyoyinsa, an kafa ɗan katako da sunansa. Jama'ar da suka ruga jiya, wasu ta hanya suka bi, wasu ta cikin gona, amma ko a guje suke, ƙafarsu a kwari take sauka ko tsakanin gindi da gindi. Babu wanda ya taɓa shuka.

A gefen gabas na ga sawun yaro mai faɗin yatsu, dunduniya da faso. Bai shiga gona ba sam. Ya bi iyaka, ya zagaye ta duk tsawonta, ya zo kusa da tsamiya da taku goma, ya tsaya ƙafa biyu a haɗe. Daga nan ya juya a guje, kuma a gujen ma iyakar ya sake bi.

Sai na ga ɗaya sawun. Ya fito daga wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse da ke bayan shingen makaranta, ya yanko gona a miƙe kamar an ja zare, ya koma ta inda ya fito. Ba takalmi. Amma abin da ya tsayar da ni ba siffar ƙafar ba ce. Mutumin nan a kan kunya yake sauke ƙafa, gero yana ƙarƙashinta. Na ƙirga gindi ashirin da uku a kwance, zuwa da komowa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Na tsuguna na duba da kyau. Tafin sumul, ba faso ko ɗaya. Yatsun a matse, ƙaramin na dama ya hau kan ɗan'uwansa. Inda ya ci karo da tsakuwa ya ɗage dunduniya kamar amaryar da ta taka garwashi. Wannan ƙafa a takalmi take kwana, aro aka yi mata na tafiya haka. Na aro ƙwarya daga wata yarinya mai tallar nono, na kife sawu mafi kyau, na ɗora dutse.

"Me kake nema a kunyar ɗana?"

Na ɗago. Dogo ne mai furfura, idanunsa jajur. Malam Mudi. Na yi masa ta'aziyya, na nuna masa layin geron da aka take.

Ya kalla. "Ka gani ko? Har shukarsa bai bari ba. Ai aikinsu ke nan, ɓarna. Su da shanunsu duk ɗaya."

"Malam, ka taɓa ganin makiyayi ya shiga gonar mutum da ƙafarsa da damina?"

"Kai dai an saye ka da man shanu," in ji shi, ya juya ya tafi. Ban ji haushinsa ba. Mutumin da ya binne ɗa da safe, ba a auna maganarsa.

*

A sito aka kulle Jibrin, cikin buhunan dawa. Kofur Zailani yana tsaye a ƙofa, jar dara a kai, kulki a hammata, takalminsa mai ƙusa yana ƙyalli. Kyakkyawan mutum, mai fara'a, Hausarsa irin ta bariki.

"Baba mai bin sawu! Sannu da aiki. Amma ka sha wahalar banza, mun riga ka."

"Haka na ji, Kofur. In gan shi?"

"Bismilla. Sai dai ina nan tsaye, doka ce."

Yaron yana zaune, hannu ɗaure ta baya. Ido ɗaya ya rufe don kumburi, leɓe a fashe. Ban kalli fuskar sosai ba, don kada zuciyata ta ɓata mini aiki. Ƙafarsa na ɗaga. Faɗin yatsu, faso a dunduniya. Shi ne mai bin iyaka.

"Ɗana, ka je tsamiya jiya?"

"Na je."

"Me ka je yi?"

Idonsa mai kyau ya wuce ni, ya sauka a kan takalmin da ke ƙofa, ya dawo ƙasa. "Ni ne," in ji shi. "Ni na yi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ni ne, Baffa. Ka ce wa inna ta koma gida."

Na miƙe. "Kofur, wa ya yi masa wannan aiki a fuska?"

"'Yan'uwansa ɗalibai, kafin in ƙwace shi. Ba don ni ba da tuni an haɗa su kabari ɗaya."

"Sandar fa? Na ji an ce kun karɓe sanduna."

"Tun makon farko na tara su a nan. Ɓarawo ne, ya faki idona ya zare tasa." Ya matso, ya rage murya kamar mai yi mini alheri. "In kana son wani abin dubawa, Baba, ka tambayi Malam Labaran inda yake jiya da la'asar. Ni ban ce komai ba."

*

Masu sa takalmi a makarantar nan huɗu ne: hedimasta, Malam Labaran malamin gona, da 'yan doka biyu. Sauran malamai sun tafi kwas Kano. Ɗalibai kuwa ƙafa Allah ya ba su.

Na sami Malam Labaran a rumfar kayan noma, yana wasa fartanyar da ba ta buƙatar wasawa. Da ya gan ni sai ya kau da kai, ya ƙi haɗa ido da ni. Na ce a raina, to, ga nama.

"Malam, an ce ka zane Shitu ranar Lahadi."

"Na zane shi. Bulala shida. Ya bar ciyawa ta ci masa kunya biyu."

"Ya yi maka rashin kunya?"

"Ya ce bulalata ba komai ba ce a kan abin da ake yi a makarantar nan. Ban tambaye shi abin da yake nufi ba." Ya ajiye fartanyar. "Ban so in sani ba, Baba. Ina da iyali."

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Ina gona. Ta yamma, wajen gyaɗa, bayan tudu. Yara duk suna filin ƙwallo. Na ji kamar ihu sau ɗaya. Na ce wasa ne."

"Ka ce wasa ne, ko ka so ya zama wasa?"

Sai ya fashe da kuka, babban mutum da gemu. Na dubi ƙafarsa, tana cikin takalmi ƙafa-ciki, ba abin da zan gani. Yana gona a lokacin, shi kaɗai, ya daki yaron kwana biyu kafin mutuwarsa, ga tsoro ya cika shi. Na fita ina jin rabin zuciyata ta kama shi. Rana kuwa ta riga ta karkata.

*

Yunwa ce ta kai ni madafa, ba dabara ba. Tani mai dafa wa ɗalibai tuwo, gajeriya mai baki kamar reza, ta zuba mini ba ta tambaye ni ba.

"Ci, tsoho. Kai ma ka zo ka taya su ƙarya?"

"Wace ƙarya, Tani?"

"Wai Jibrin da Shitu abokan gaba! Da can dai. Ranar Asabar a bayan murhun nan na gan su, kwano ɗaya, suna ƙus-ƙus. Na ce ikon Allah, kura da akuya."

"Me ya haɗa su?"

Ta leƙa waje, ta dawo. "Ɗanjuma. Wani ɗan mitsitsi daga Bebeji, ɗan aji ɗaya. An mayar da shi gida watan jiya, kunne yana zubar da ruwa, ba ya ji ko an buga ganga. Aka rubuta wai faɗan yara ne."

"Ba shi ba ne?"

"Wane faɗa? Ai faɗa ya ƙare, ba ka ji ana ta murna ba? Da, yaro ya daki yaro, su yi kuka su shirya. Yanzu duka ya koma sito, a rufe ƙofa, ba mai ji sai ni da nake kusa. Yaran nan biyu sun gani da idonsu ta taga. Suka ce in baturen makaranta ya zo ranar Alhamis za su tsaya tare su faɗa, ɗan gari da ɗan ruga, don kada a ce ƙabilanci ne."

"Wa yake dukan?"

"Mabuɗin sito yana wuyan wa?" Ta murguɗa baki. "Kada ka ce ni na faɗa. In mota ta tafi da yaron, ni a nan zan ci gaba da kwana."

"Me ya sa ba ki gaya wa wakili ba?"

"Maganar mai tuwo a kan ta mai jar dara? Haba, tsoho, ka girma."

Gaskiyarta. Tawa ma ba za ta fi tata nauyi ba. In na je na ce a tuɓe wa ɗan doka takalmi a gaban jama'a saboda wani tsoho ya ga yatsa a taɓo, wakili zai kore ni, Kofur kuma shi zai raka yaron a bayan mota har Kano. Hanyar nan doguwa ce, akwai gadoji, ana iya gamawa da shi a ce fursuna ya yi tsalle zai gudu. Ban kuma tabbata ba tukuna, don Malam Labaran yana nan a raina. Dole jama'ar nan su gani da idonsu, ni ma in gani.

*

Na koma wajen wakili bayan azahar.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A kai kujerarka gindin tsamiya. Jama'a su bi ta hanya su zauna a bayanka. Sannan a aika a kira mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya, a ce musu maza-maza kana jira. Na ƙarshe ya zo da yaron."

"Wasan me za ka yi da ni, Maikano?"

"In na kunyata ka, ka sa a ɗaure ni tare da shi."

Ya yi tsaki, amma ya tashi. Da aka zauna, na nuna masa layin geron da aka take, na nuna wa dattawa. Suka yi ta salati. Wani tsoho ya ce tun da aka haife shi bai ga ɗan Adam ya yi wa abinci haka ba. Malam Mudi yana gaba. Saude tana can nesa ita kaɗai.

Daga inda muke ana hango ƙofar shingen makaranta. Hanya ta zagaya nesa, gona kuwa ga ta a miƙe. Wanda aka ce wa ya yi sauri, gona zai yanko.

Hedimasta aka fara kira. Mai jiki ne, ya dubi taɓo ya dubi farin wandonsa, ya bi hanya yana haki. Bai taimake ni da komai ba, amma ƙafarsa ta fi sawun da na kife girma nesa, na riga na cire shi.

Sai Habu, ƙaramin ɗan doka. Ya shigo gona da gudu, ya faɗa kwari ɗaya ya bi shi har ƙarshe, ya zo ya ƙame. Ɗan manomi ne, kaki bai canza masa ƙafa ba.

Sai Malam Labaran. Ya fito fuska a jiƙe, yana tafe kamar wanda za a yanka, ko ƙasa ba ya kallo. Amma ƙafarsa tana gani. Tana ɗagawa, tana tsallake kunya, tana sauka tsakanin gindi da gindi. A tsakiyar gona har ya sunkuya ya cire wata ciyawa bai san ya yi ba. Na ce Allah na tuba, na zargi bawan nan a banza.

Can muka ji ƙugin mota daga nesa, tana hawo tudu. Wakili ya dube ni. Na ce, "Saura ɗaya, ranka ya daɗe."

Kofur Zailani ya fito da igiya a hannu, Jibrin a bayansa. A bakin gona yaron ya karkata zai bi iyaka. Ɗan makiyayi ne, tun yana rarrafe ake gaya masa gonar mutane wuta ce. Kofur ya fizgo igiyar har yaron ya kusa kifewa, ya shigo da shi a miƙe, ƙirji a gaba, hagu-dama kamar a filin fareti. Takalmin nan ya sauka a kan gindin farko, ƙaras. Na biyu. Na uku. Jibrin kuwa, hannu a ɗaure, ido ɗaya a rufe, ana jan sa kamar tunkiya, yana ta 'yan tsalle-tsalle yana kauce wa shuka.

Ba ni na yi magana ba.

"Kai! Kai! Gero kake takawa!"

Malam Mudi ne, ya miƙe tsaye, hannu a sama. Bakinsa ne ya riga tunaninsa, kamar yadda na kowane manomi zai yi. Kofur ya tsaya ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, da gaske bai gane laifinsa ba.

"Wane gero? Wannan ciyawar?"

Na ga hannun Malam Mudi yana saukowa a hankali. Ya kalli sabon layin da takalmi ya yi, ya kalli na jiya da ke gefensa. Kamar tagwaye.

*

"Ranka ya daɗe," na ce, "wanda ya zo nan jiya ya tuɓe takalmi a kan fa don sawunsa ya ɓace cikin na yara. Dabara ce mai kyau. Amma bai san shuka ba. Duk wanda ke wurin nan, manomi ko makiyayi, uwarsa ta mare shi a kan taka abinci tun bai iya magana ba. Kofur, a ina ka tashi?"

"A bariki. Ubana soja ne. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. A tuɓe takalmin dama."

"Ni? Ranka ya daɗe, ina cikin kayan sarki! Wannan tsohon..."

"Tuɓe," in ji wakili. Bai ɗaga murya ba.

Habu ne ya durƙusa ya kwance masa igiyar takalmin. Ƙafa ta fito fara sol, sumul, ƙaramin yatsa a kan ɗan'uwansa. Na ɗage ƙwaryata. Na sa ya taka ɗanyar ƙasa a gefen sawun. Ba sai na yi bayani ba, har yara sun gani.

Na kwance Jibrin da hannuna. "Yanzu faɗi, ɗana. Igiya ta bar hannunsa."

Muryarsa da ƙyar take fita. "Mun yi da Shitu mu haɗu nan mu shirya abin da za mu faɗa wa baturen makaranta ranar Alhamis a kan dukan da Kofur yake yi. Na tarar da shi kwance, ga sandar babana. Na gudu. Kofur ya ce in ban amsa ba, zai ce da inna muka haɗa baki, a kama ta, a ƙone rugarmu."

"Wa ya gaya wa Kofur shirinku?" in ji wakili.

Hedimasta ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa, farin wandon da yake tattali ya shiga taɓo. "Ni ne. Shitu ya zo ofis ranar Litinin ya faɗa mini. Na kira Kofur na tambaye shi ko gaskiya ne. Na kama sunan yaron. Na ɗauka tsari ke nan."

Kofur ya dubi fuskoki, bai ga ta jin ƙai ba. "Gargaɗi na je yi masa," in ji shi. "Ya ce mini ƙarya nake, ba zan iya komai ba. Yaro! Sau ɗaya na buga. Ku kuka ce a kawo mu a hana faɗa, kun ɗauka da me ake hanawa? Wata huɗu ba wanda ya fasa wa wani baki. Wa ya zo ya tambaye ni yadda na yi?"

Masu fartanya suka yunƙura. Wakili ya miƙe ya daka tsawa, ya ce duk wanda ya taɓa Kofur tare za su hau motar. Igiyar da aka kwance daga hannun Jibrin ita aka ɗaura masa. Motar da ta zo ɗaukar yaro ta tafi da mai tsaronsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun Habu.

*

Jama'a suka watse sumui-sumui, ba mai kallon wani. Wanda ya tofa wa Saude yawu da safe shi ya fara sulalewa. Ta taso ta zo, ta dubi fuskar ɗanta, ba ta yi kuka ba, ba ta taɓa shi ba. Ta ɗauki sandar mijinta daga gaban wakili, ta goge ta da gefen zane.

Hedimasta ya ce, "Inna, a bar shi ya warke a nan. Saura shekara ɗaya ya gama, yaro ne mai ƙwaƙwalwa."

"Na ba ku shi da ido biyu," in ji ta. Ta juya ga yaron. "Mu tafi."

Bai sake taka makaranta ba. Idon ma bai dawo ba, na gan shi bayan shekaru a kasuwar Doguwa yana sayar da maruƙa. Na ceci wuyansa, iyakar abin da na iya ke nan, kuma har yau in na tuna ina jin ɗaci.

Ni da Malam Mudi muka rage. Ya shiga gonar, ya durƙusa a kunyar da ke da sunan ɗansa, yana tayar da geron da aka take ɗaya bayan ɗaya, yana tara masa ƙasa a gindi. Wanda ya karye ma sai ya tayar, ya sake faɗuwa, ya sake tayarwa.

"Malam, magariba ta yi. Taso."

Bai ɗago ba. "Da hutun da ya wuce ya ce mini, Baba, a cire mutanen nan. Na ce masa don ba ka son horo ne. Har na yi masa dariya." Ya danna ƙasa da tafin hannu. "Sau uku na je gaban hakimi, Maikano. Sau uku, da ƙafata. Ranar da aka kawo Kofur, ni na ba shi goro."

Na ɗaga ido na hango Saude da ɗanta sun kama hanyar kudu. Ta nan gona ta fi kusa, ba kowa, ba mai hana su. Yaron yana ɗingishi, yana dafe da sandar ubansa, ya karkata ya bi iyaka, ya zagaye kunyoyin Shitu duk tsawonsu.

Malam Mudi ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya kifa goshinsa a kan kunyar, na ji kukan da bai yi ba a maƙabarta.